Rigakafin Dangi

Ranar Asabar da hantsi, a rumfar kwanon da ke bayan ofishin lafiya a Kazaure. Waɗanda ke wurin: ni, Bukar mai shela, da Malama Talatu, wadda ta yi ritaya daga aikin allura amma ba ta yi ritaya daga gyara mini magana ba, sai samari da 'yan matan da aka ɗauka sabon aikin wayar da kan jama'a. An ce in yi musu bayanin sana'a. Kafin in gama gyara zama, wani daga cikinsu mai suna Nasiru ya ɗaga wayarsa sama.

"Baba, ai wannan aikin naku ya mutu. Yanzu in na ɗauki murya na tura, kafin ka gama ɗaure ƙahon lasifikarka a kan mota ta kai Babura."

Na ce masa gaskiyarsa, za ta kai. Abin tambaya shi ne me za ta zama in ta kai. Ga abin da na faɗa musu daga nan, kamar yadda na faɗa, ban da wuraren da Talatu ta katse ni.

Aikina na farko a ɗakin fassara na gidan rediyo ne, ƙarƙashin wani dattijo, Malam Ilu. Ran da na fara ya ba ni sanarwa mai layi biyu, na mayar da ita Hausa, na rubuta cewa za a yi wa yara allura kyauta. Ya ce in koma bakin ƙofa in juya masa baya in karanta. Na karanta. Ya ce, "Madalla. Gobe mata za su cika asibiti, a yi wa yara allura, sannan su tsaya jiran kyautar. Kai za ka raba musu?" Ya sa na canja zuwa "ba a biyan komai". Haka yake yi kullum: ba ya duba takarda, sai ka juya baya ka karanta, shi kuwa yana ɓare gyaɗa yana saurare da rabin kunne. Ya ce mai sauraro bai taɓa ba ka kunnensa duka ba. Yana daka, ko yana ciniki, ko yana korar akuya. Tambayarsa ɗaya ce: me kakarka za ta ji? Ba me ka faɗa ba.

Da na baro rediyo na dawo gida aikin shelar lafiya, kayan aikina uku ne. Ƙahon lasifika na kwano, wanda ya taɓa faɗowa daga kan mota a hanyar Gwiwa ya tsage a leɓe, muka ɗaure da waya. Batirin mota, wanda in ya fara sanyi yakan mayar da muryata ta tsohon da ke fama da mura. Sai makirufo, wanda nake sa wa safar ƙafa saboda iska. Kuna dariya. Wankakkiya ce. In ba safa, duk "f" da ka furta sai ta fashe kamar an buga taya.

Kowane gari da yadda yake cin magana. A Kazaure duwatsu suna mayar maka da muryarka, don haka in ka faɗi jimla sai ka dakata dutse ya gama nasa, in ba haka ba ku biyu ne kuke shela kuna katse juna. A Babura fili ne, iska tana kwashe ƙarshen magana ta yi Nijar da shi, don haka muhimmiyar kalma a farko ake sa ta. A can kuma akwai baƙin kasuwa daga ƙetaren iyaka, sai ka rage kalmomin boko. A Gwiwa ranar kasuwa kada ka tsaya kusa da masu injin niƙa. Na taɓa yin shelar sanƙarau a can, mutum ɗaya ne ya ji ni, shi ma kurma ne, bakina ya kalla.

Akwai shekarar da aka rufe mana ƙofofi. Iyayenku sun san ta. Magana ta bazu cewa ɗigon da ake yi wa yara yana hana haihuwa, kuma ba da lasifika ta bazu ba, a hankali ta bi bakin rijiya da gidan suna. A shekarar an watsa mini ruwan wankin kwanuka ta kan katanga, an sace mini safar makirufo, wani malamin da muke sahu ɗaya ya koma wancan gefen masallaci. Mun daɗe kafin ƙofofin su sake buɗewa, kuma ɗaya bayan ɗaya suka buɗe, ba tare ba. Tun daga nan duk abin da ya taɓa haihuwa ko zuri'a, nakan zagaye shi kamar yadda direba ke zagaye rami. Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi nan gaba kaɗan.

Aikin dengi ya same ni ne a ƙarshen wata damina, ana shirin girbi. Aka kira mu wannan ofishin, wata likita ta zo ta yi mana bayani, mace mai haƙuri da ba ta ƙosawa da tambaya. Ta ce akwai wani zazzaɓi da sauro ke kawowa, amma ba sauron da muka sani ba. Wannan da rana yake cizo, gidan sauro na dare bai dame shi ba, kuma ba ya son kwata. Ruwa mai tsabta yake nema, na randa, na tulu, na tsohuwar taya da gwangwanin da ruwan sama ya kwanta a ciki. Ciwon yana zuwa da ciwon kai ta bayan ido da ciwon gaɓoɓi, maganin zazzaɓin da aka saba sha kuma ba ya taɓa shi. Iri huɗu ne. Wanda ya yi iri ɗaya ya warke, in wani irin ya kama shi daga baya, na biyun yana iya fin na farko tsanani.

Na ce, "Likita, allurar ta iso?"

"Ba ta iso ba, Baba."

"Yaushe za ta iso?"

"Ba mu san ko za ta zo ba ma. Sai an ɗebi jinin mutane kaɗan-kaɗan an duba, a ga ko ciwon yana da yawa a nan. In ba shi da yawa, kawo ta ba shi da amfani."

"To in ta zo, kowa za a yi wa?"

Ta girgiza kai. Ta ce akwai iri ɗaya na allurar da ba a yi wa mutum sai an gwada jininsa an tabbatar ya taɓa yin ciwon, domin wanda bai taɓa yi ba, in aka yi masa, daga baya sauron ya cije shi, ciwon yana iya zo masa da tsanani. Akwai wata kuma da ake yi sau biyu, da watanni a tsakani, ita ma an fi nufin wuraren da ciwon ya yi katutu.

Na ajiye biro. Na ce, "Likita, bari in maimaita ki ji ko na fahimta. Zan hau mota in yi shelar allurar da ba ta zo ba, wadda ba a san ko za ta zo ba, wadda in ta zo ba kowa za a yi wa ba, wadda kuma wani irinta sai wanda ya riga ya yi ciwon. Ni da gashina ya yi fari ina gaya wa mutane rigakafi kafin ciwo ake yi."

Ta ce, "Ka fahimta sarai."

Wannan duk mai sauƙi ne. Wahalar tana wurin suna. Da a ce ni aka bari, da zazzaɓin cizon sauro zan kira shi, amma wannan sunan yana da mai shi tun kafin a haife ni. In na ce haka, kowa zai ce ai mun san shi, ya je kemis ya sayi abin da ya saba. Ba ni da wata kalma. Sai na ɗauki sunan yadda ya zo, na yi masa wanka na Hausa: dengi.

Nasiru, abin da kake zaune a kai, me sunansa?

Ya ce, "Banci."

Wanda ake shafa wa bango fa?

"Fanti."

To ka gani. A takarda benci ne, fenti ne. Bakinmu ba ya son wannan wasalin in "n" ta biyo shi, sai ya kwantar da shi ya mayar da shi "a". Ni a rediyo aka horar da harshena, na furta dengi yadda ko Malam Ilu ba zai ɗago daga gyaɗarsa ba. Amma mai shela sau ɗaya yake faɗa, sauran faɗin na kasuwa ne.

Ranar kasuwar Roni muka fara, ni da direbana Ɗanladi. Muka tsaya tsakanin masu hatsi da inuwar da matan Fulani ke ajiye ƙoren nono. Na faɗi komai a tsare: ma'aikata za su zagayo, za su ɗebi jini kaɗan ga wanda ya yarda, a rufe randuna, a kife tayoyi, allurar rigakafin dengi ba ta zo ba tukuna. Na maimaita sau da yawa. Daga cikin duk wannan, kasuwa ta zaɓi kalma uku ta kai gida: jini, rigakafi, dangi.

Alamar farko a Kazaure na gan ta, a ƙofar masallacin unguwarmu. Wani ma'aikacin sakatariya, Malam Sabo, ya ja hannun rigata gefe, ya rage murya.

"Malam Bukar, don Allah in ta zo a fara da ni. Ƙannen matata uku suna zaurena tun sallar layya. Sun ce kwana biyu za su yi."

Ban gane ba sai da ya fashe da dariya. Kafin mako ya zagayo, ba na wuce tashar 'yan adaidaita sai an yi mini ihu: "Baba Bukar, akwai ta surukai?" Mai shayi ya ce shi sau biyu za a yi masa, ɗaya ta dangin uwa ɗaya ta dangin uba. Na yi dariya tare da su. A gari abin dariya ne, domin mutumin gari dangi sun ishe shi.

Talatu ce ta zo ba ta dariya. Ta dire akwatin sanyinta a gabana, nan inda nake zaune yanzu, ta buɗe. Allurar ƙyanda ce a ciki, cif yadda ta fita da ita da safe.

Akwai wata ruga a bayan dutse, in ka bar Roni ka nufi Gwiwa. Talatu ta daɗe tana neman shiga wurin. Ta koyi gaisuwarsu, ta je sunansu, ta je ta'aziyyarsu, ta sha nonon da cikinta ba ya so, kafin a bar ta ta taɓa hannun yaro ɗaya. A rugar akwai Arɗo, amma akwai kuma ƙanwar mahaifinsa, Goggo Dije, wadda ko Arɗon sai ya kalli fuskarta kafin ya ce to. Ita ce ke zaune a inuwar nono ranar da na yi shela. Ita ce kuma ta tare Talatu a bakin ruga da sanda a hannu, ta ce mata: mu ba mu da gidan bene, ba mu da albashi, dangi muke da shi, shanun ma don dangi ake kiwonsu. A ɗebi jininmu, sannan a yi mana rigakafin dangi? Ki koma, 'yata, tun muna ganin mutuncin juna.

Lokacin kuwa ba na jira ba ne. Da an gama girbi, matasan rugar za su kaɗa shanu su yi kudu da matansu da ƙananan yara, ba za su dawo ba sai ruwa ya sauka. Ƙyanda kuma da zafi take zuwa. Yaron da bai samu allura kafin tashi ba, a daji za ta same shi, inda ba Talatu ba akwati. Allurar da ba ta zo ba tana shirin kore wadda ke hannu.

A ofis aka kawo shawara iri-iri. Wani ya ce a sake zagayawa da lasifika a ƙara murya. Na ce kalmar da aka ji a karkace, in ka ƙara mata murya ƙara mata girma ka yi. Wani ya ce a roƙi hakimi ya aika a kira Arɗo. Talatu ta ce in aka yi haka za su kawo yaran, sannan su tashi, kuma ba za a sake ganinsu a wannan dutsen ba. Sai na ce a ba ni mota da Ɗanladi, in je da kaina, domin ina da abin da babu wanda yake da shi a ofishin. Kakana Babarbare ne. Tsakaninmu da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni: kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, kuma abin da zan faɗa wa Arɗo a yi dariya, in likita ta faɗa sai an tashi taro.

Bayan azahar muka isa, ƙaho a ɗaure a kan mota amma a kashe. Talatu ta tsaya can nesa ƙarƙashin wata tsamiya da akwatinta. Arɗo yana kan buzu a inuwar bukka, dattawa kaɗan a gefensa. Na cire takalmi na durƙusa.

"Allah ya ja zamanin Arɗo. Ubangidanka ya zo duba dukiyarsa."

Bai yi murmushi ba, amma ya amsa. "Bawa ya yi ƙiba. Wa ya ba ka izinin hawa mota, Babarbare?"

Da na ji haka na san ƙofar ba ta rufe duka ba. Muna cikin gaisuwa sai ga Goggo Dije, 'yar siririya, ɗaure da zanen saƙi, baƙi mai ɗigon fari, ta tsaya a kaina ba ta zauna ba.

"Kai ne mai ihu a kasuwa."

"Ni ne, Goggo. Na zo in ji ko baiwata tana lafiya."

"Baiwarka tana gidan ubanka. Faɗa mini da bakinka, ba da kwano ba: rigakafin me ka ce?"

Na ce, "Dengi."

"Dangi."

"Dengi, Goggo."

"Abin da na ce ke nan."

A nan sana'a take, ku saurara. Gaskiyar lamari kunnenta ne ya kwantar da wasalin, kamar na kowa. Amma tsohuwar da ta tare ma'aikaciya da sanda a gaban jikokinta ba za ta juya ta ce na ji ba daidai ba. In ka tilasta mata zaɓi tsakanin girmanta da allurarka, ka san wanda za ta zaɓa. Dole a samo mai laifi wanda ba shi da dangi. Na waiwaya na kalli motar.

Na ce, "Arɗo, ina da ƙara. Wancan ƙahon tun da ya faɗo a hanyar Gwiwa leɓensa ya tsage. Ina zargin yana canja mini magana. A gwada shi a gabanka."

Ba ƙarya na yi ba. Tsagar tana nan, kowa ya gan ta. Aka sa Ɗanladi ya ja motar can gindin dutse. Na ce masa ya kunna, ya faɗi sunan ciwon da ƙarfi. Ɗanladi mutumin kirki ne, amma a duk rayuwarsa bai taɓa zama a kan benci ba, a banci yake zama. Ya gyara murya, ya ɗaga makirufo da safarsa, dutsen nan gaba ɗaya ya amsa: "DANGI! DANGI!" Shanu suka ɗago kai.

Goggo ta buga sandarta a ƙasa. "Kun ji! Na ce muku!"

Na ce, "Kin ji daidai, Goggo. Kwanon ne munafuki."

Arɗo ya shafa gemu ya yanke hukunci: a kwance ƙahon, a rataye shi a jikin bishiya, ba zai sake shiga kasuwa ya ɓata sunan mutane ba sai ya ga dama. Ɗanladi ya kalle ni, domin kayan ofis ne. Na ce masa ya kwance.

Na zaci an gama. Goggo ta zauna a kan turmi, wanda ke nufin yanzu aka fara.

"To, kwano ya yi ƙarya. Jinin fa? Shi ma kwano ne ya ce?"

"A'a, wannan ni na ce. Kaɗan ake ɗiba, a duba ko mutum ya taɓa yin ciwon. Wanda bai yarda ba, ba a taɓa shi."

"In an duba sai a yi mana allurar."

"Ba ta zo ba."

"In ta zo."

Na san amsar da za ta fi daɗin ji, amma mai shela ba ya alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Shi za a tare a kasuwa, ba likita ba. Na ce, "Goggo, ko ta zo, ba lalle a yi miki ba. Ko kin roƙa. Akwai irin da in jininki bai nuna kin taɓa yin ciwon ba, hana ki za a yi, don tana iya cutar da ke. Wata kuma yara aka fi nufi da ita. Mai yiwuwa ma a duba a ce yankin nan ba ya buƙata, a kai ta wani wuri."

Ta zuba mini ido. Na ga abin yana juyawa a fuskarta.

"Wani wuri ina? Wurin Barebari?"

"Mai yiwuwa."

"A hana ni, a ba ku?"

"In jininmu ya nuna."

Ta juya wurin Arɗo, ta yi masa magana da Fulatanci da sauri, ban tsinci komai ba sai sunan kabilata sau biyu. Sannan ta dawo Hausa don in ji. Ta ce ita ta ga duniya: abin da ake so a cuce ka da shi, bin ka ake yi da shi har bukka ana lallashi. Wannan kuwa tun ba ta zo ba ana gaya mata ba za a ba ta ba. Ta ce ba ta yarda da ni ba, domin ba a yarda da Babarbare, amma ta yarda da rowa. Kuma in masu ɗibar jini sun zo, da ita za a fara, ta ga wanda zai ce jininta bai kai na bayi ba.

Ɗanladi ya dawo da ƙaho a kafaɗa, ya tsaya kusa da wata tsohuwar taya da aka yanke ana zuba wa kaji ruwa. Goggo na cikin magana sai ta miƙe, ta ɗaga hannu, ta sauke masa mari a dantse, irin wanda ya fi ƙarfin sauro. Ya yi tsalle. Ta buɗe tafinta ta duba, ta miƙo mini.

"Wannan ne naku? Mai cizon rana?"

Baƙi ne, da ɗigo-ɗigon fari a ƙafafu. Na ce ya yi kama da wanda likita ta nuna mana a hoto, amma ni ba likita ba ne. Ta kara tafin da zanenta.

"Ɗan banza, har da saƙi ya ɗaura. To ku daina kiran dangin mutane. Ku ce zazzaɓin mai saƙi."

Na juya kalmar a bakina yadda Malam Ilu ya koya mini. Ba wasalin da zai kwanta. Ba ta taɓa zuri'ar kowa ba. Kuma duk wanda ya ji ta ya san abin da zai duba a dantsensa. Na tambaye ta nawa za ta sayar mini. Ta ce bawa ba ya ciniki da uwargijiyarsa, in ɗauka sadaka. Sannan ta sa ƙafa ta kife tayar, kaji suka watse, ta ɗaga murya wajen tsamiya.

"Ke 'yar akwati! Rana za ta narka miki ƙanƙara. Taho."

A nan Nasiru ya katse ni. Ya ce, "To Baba, da ta waya aka tura ai ba ƙahon da zai tsage." Na ce haka ne, kuma da ba abin da za a rataye a bishiya, shi za a rataye. Talatu ta ce in daina tsorata yara, in faɗi ƙarshen yadda ya faru, ban da ƙari.

Ga shi, ban da ƙari. A ranar Talatu ta yi wa yaran rugar allurar ƙyanda, Goggo Dije tana riƙe da murfin akwati tana kiran sunan duk uwar da ta noƙe. Bayan girbi matasan suka tashi da shanu, dattawa suka zauna. Da masu ɗibar jini suka zo, da ita aka fara. Likita ta amince a riƙa faɗin mai saƙi a shela, a biyo da sunan asibiti a baya, a hankali. Ƙahon bai dawo ofis ba. Da aka aika a karɓo shi, an tarar an sauke shi daga bishiya, wata kaza ta yi ƙwai a ciki, Arɗo ya ce sai ta ƙyanƙyashe, daga nan kuma wata ta shiga. Ƙannen matar Malam Sabo sun koma huɗu. Allurar dengi kuwa har yau ba ta zo Roni ba.